Wayar da Aka Kulle a Ɗakin Kawu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kawu ya riga mu, ni kuma na zauna in rubuta shi tun kafin bakin mutane ya gama mayar da shi "wani dattijo mai kirki". Yana da kirkin, amma ya fi haka, kuma ya fi haka wuyar sha'ani.

Ranar da aka kai shi, ƙofar gidan kakanninmu a Karaye ba ta ɗauki jama'a ba. Dangi mun san su. Tsofaffin abokan aikinsa na Kano ma ba su ɓuya ba, ga manyan riguna ga motoci. Waɗanda suka ɗaure wa 'yan gida kai su ne mutanen babura, daga Falgore, daga Zoza, daga Tudun Kaya, ƙafa duk taɓo don damina ta kankama, wasu da ganinsu ka san fartanya suka ajiye suka taho. Ba su san sunan kowa a gidan ba. Sai dai su durƙusa su ce, "Ya haƙuri? Ashe Malam mai tes lokaci ya yi." A cikin gida kuwa mata ne da goyo, waɗanda ba mu taɓa gani ba. Wata ta kwance ɗanta ta ɗora min a cinya ba tare da ta tambayi ko ni wace ce ba. Ta ce, "Riƙe shi, baiwar Allah. Ba don saƙon Malam ba, da a hannun kakarsa zai tashi."

Can wata tsohuwa da ke jan carbi a gindin rariya ta ɗago kai ta ce, "To yanzu wa zai riƙa tashin mutane?" Ni kuwa tambayar da na taso da ita ke nan tun daga Kano, kuma ni kaɗai a gidan na san ba ta da amsa tukuna.

Kawu wan mahaifiyata ne. Gidansu gidan masu riƙe da alƙalamin hakimi ne tun kaka da kakanni, shi kuma ya karkace ya bi kwamfuta tun zamanin da take cika ɗaki guda. Ya yi aikinsa a birni har ya ajiye, ya dawo gida, aka zaci zai zauna a dakali yana sauraron rediyo. Ina! Tabarau a kan hanci, ƙullin gyada a gefe, yana koyon abin da samarin ofishinmu suke taƙama da shi. Shi ya fara ɗora yatsuna a kan madannai ina 'yar firamare, shi ya tsaya wa babana a kai har aka bar ni na karanci sana'ar. Da na fara aiki sai ya laƙaba min "Injiniyar birni", kuma bai taɓa faɗar sunan ba tare da tsokana a ciki ba.

Matarsa ta fari wajen haihuwa ta rasu. Jini ya ɓalle mata, nata kuma irin mai wuyar samu ne. Kawu ya zaga gari a guje yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, ya samo wanda nasa ya dace, suka iso an riga an lulluɓe ta. Sau ɗaya ya ba ni labarin nan, bai ƙara ba. Jaririyar ta rayu. Ita ce taubashiyata, abokiyar faɗana tun muna tsallen igiya, kuma jinin uwarta ta gado. Lokacin da Kawu ya rasu tana aure a Zoza, da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Wannan shi ne abin da ya hana ni kuka yadda ya kamata a ranar.

Aikin da ya sa ake ce masa Malam mai tes, wato mai saƙon waya, ba shi da wuyar fahimta. Ya bi ƙauyuka yana roƙon mutane su gwada jininsu, duk wanda ya yarda zai bayar in an kira shi, sai ya sa shi a wani tebur na bayanai, kowa da gurbinsa: unguwarsa, lambarsa, irin jininsa. Masu ciki ma kowace da nata gurbin. Teburin ba a kwamfutarsa yake ba, yana can a manyan kwamfutocin haya da ake shiga ta intanet, waɗanda 'yan sana'armu suke kira gajimare. In mace ta shiga hatsari, malamar asibiti za ta danna a wayarta, gurbin matar ya sauya zuwa "ana neman jini".

To amma tebur ba ya ihu. Za ka iya sauya abu a cikinsa ya yi shiru abinsa har wani ya zo ya duba. Don haka Kawu ya buɗe masa abin da yake kira magudana: duk sauyin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, sai labarinsa ya gangaro ta nan a jere, na farko a gaba, na baya a baya. A bakin magudanar akwai mai sauraro, wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ke kan tagar ɗakinsa, jone da sola. Ita take ɗaukar labarin ta aika wa masu jinin da ya dace, ta kuma yi ta maimaitawa har sai wani ya amsa da "na taho". Abu ɗaya ne magudanar ba ta da shi, haƙuri mai tsawo. Kwana ɗaya take riƙe labari, in ba a ɗauka ba ya wuce.

Shi kansa ya sa sunansa a cikin masu bayarwa, alhali shekaru da hawan jini sun daɗe da hana shi. Ya ma tsara duk saƙon da zai fita, kowane irin jini ne, sai ya shigo 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila da ke aljihu. Na ce masa wannan ai neman hawan jini ne a kan hawan jini. Ya ce, "Ki bar ni in ji abin da nake jiyar da mutane."

Yana da al'adu da ba a taɓa su. Ba ya tura sabon aiki ranar Juma'a, wai kada abu ya lalace yana sahu. Ba ya danna madannin ƙarshe sai da bisimilla. In na zo hutu ya ba ni rubutun umarnin, wato kod, ba ya barina in karanta a zuci, sai ya jingina da bango ya rufe ido ya ce, "Biya min." In na yi sauri ya ce, "Jirgi za ki hau?" Duk wanda ya ba da jini kuwa, kafin mako ya zagayo Kawu ya hau babur ya je har ƙofar gidansa da ƙullin dabino, ya gaishe shi, ya gaida iyayensa. Sau nawa muka yi masa faɗan hanyar Falgore da damina, bai taɓa ji ba.

A farkon aikin ya tafka wani kuskure da ya riƙa ba da labarinsa yana dariya. Ita magudana zaɓi take ba ka: ta kawo maka sabon hoton gurbi kawai, ko ta kawo tsohon da sabon tare. Shi sabon kawai ya zaɓa. Wata rana malamar asibiti ta shiga gurbin wata mata da aka riga aka sallama, amma ba a sauke alamar neman jinin ba, ta gyara sunan unguwa. Wayar ta ga "ana neman jini", ba ta da abin da za ta gwada da shi, ta tashi mutane. Magidanta suka bar huɗa suka kwaso babura, suka tarar matar tana gida tana shan kunu. Kawu bai aika da saƙon ban haƙuri ba, da ƙafarsa ya bi su gida-gida. Daga ranar ya gyara: sai an kawo masa yadda gurbi yake a da, da yadda ya koma, sai kuma in da gaske daga lafiya aka faɗa hatsari, sannan saƙo ya fita. Yakan ce min, "In ba ki san yadda mutum yake jiya ba, ina za ki san abin da ya same shi yau?"

Bayan haka ne wasu marasa tsoron Allah suka fara aika wa mutane saƙon ƙarya da sunan aikin. Kawu ya sake hawa babur. Duk inda ya je magana ɗaya yake nanatawa: "Saƙon da bai fito daga lambar nan ba, ba nawa ba ne. Ko wa ya kira ku, kada ku tashi." Suka kuwa riƙe masa ita da hannu biyu.

Faɗan da muka yi na gaske a kan danna abu da hannu ne. Za mu ƙara wa teburin wata magudana, ni kuwa na san inda ake shiga a shafin kamfanin a danna sau biyu a gama. Kawu ya ce bai san zancen ba. Komai sai an siffanta shi a kod: ga tebur, ga sunansa, ga magudanarsa, ga abin da za ta riƙa ɗaukowa, ga mai sauraronta, yadda in aka karanta wa kwamfuta rubutun za ta gina komai da kanta. Ga zafi, ga intanet tana wasa da hankalinmu, ga ni da motar komawa Kano.

Na ce, "Haba Kawu, aikin minti biyu za ka mayar mana na yini?"

Ya ce, "Abin da kika kunna da hannu, ke kaɗai kika san kin kunna. Ran da kika mutu fa?"

Na ce, "Tsakanina da kai wa ya fi kusa?"

Na zaci zai yi dariya. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Shi ya sa nake rubutawa, Injiniyar birni." Na yi fushi na rufe kwamfuta na shige wajen mahaifiyata Umma, motar ta tafi ta bar ni. Da la'asar ya aiko min da dafaffiyar gyada, na ci ina harararta, na koma muka rubuta. A ranar ya ba ni mabuɗi na biyu na shiga ko'ina a aikin.

Rasuwarsa ba ta zo da doguwar jinya ba. Ya dawo daga azahar ya ce kansa na sara, kafin a kai shi asibiti magana ta ɗauke. Ana dawowa daga maƙabarta, Kawu Babba, wato wansu duka, ya yi abin da ake yi a gidanmu. Ya kira liman da dattawa biyu, suka shiga ɗakin mamaci da ke cikin zaure, aka kashe duk abin da ke kunne, aka zare duk abin da ke jone, aka ja ƙofa aka datse da kwaɗo. Kawu ya bar ƙananan yara da matarsa ta biyu, saboda haka ko allura ce a ɗakin nan dukiyar marayu ce. Kawu Babba ya faɗa a gaban liman cewa ba mai buɗewa sai ranar da masu rabo suka zo, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Kada a ɗauka mugu ne. Ya yi shekaru yana rubutu a gaban hakimi, ya ga gidajen da suka tarwatse a kan agogo ɗaya da ya ɓata daga ɗakin mamaci, ya ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa har kabari. Ya yi wa kansa alƙawari ba a gidansu ba. Ni ma na san haka, amma da na ji an ce an zare komai, sai na tuna da wayar nan ta kan taga.

Na jira ya shigo gaida mata na tare shi a bakin ƙofa na durƙusa.

"Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya, wata waya ce a kan taga. Ba ɗauka zan yi ba, jona ta kawai za a yi a bar ta inda take."

"Ta wace ce?"

"Tasa ce, amma ta aikin jini ce."

"To in tasa ce, ta marayu ce. 'Yar nan, yau in na buɗe miki don waya, gobe wani zai zo don takardar gona, me zan ce masa?"

Na fara bayanin magudana da mai sauraro, ina jin kaina ina zuba kamar mai tallan magani a kasuwa. Ya saurare ni har ƙarshe don yana da ladabin sauraro, sannan ya ce, "Allah shi ke raya wanda ya so. Ki yi haƙuri." Ni 'yar mace ce a gidan, ba na cikin magada, ba ni da bakin da ya wuce wannan. Umma ta ja ni gefe ta ce kada in ƙara tayar da zancen kaya gawa ko sanyi ba ta yi ba, mutane za su fassara ni.

Taubashiyata ta zo a ranar, ta yi kuka har ta shiɗe, da yamma surukarta ta ce a mayar da ita Zoza kusa da ungozomarta. Na raka ta bakin mota ina riƙe da ita. Ko a wannan hali ba ta fasa ba, ta dube ni da kumburarrun idanu ta ce, "Ke yanzu ke ce magajiyar tes ɗin? Mun shiga uku." Na ce, "Ke dai ki riƙe cikin nan sai an yi rabo." Muka yi dariyar da ta koma kuka. Motar na tashi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Washegari na shige ɗakin Umma na rufe, mata na ta sallama a tsakar gida, ni ina kan kwamfuta. A nan na gane abin da ya sa motata ta tafi ta bar ni a wancan yinin. Komai yana nan a rubuce, da 'yan bayanansa na Hausa a gefen kowane sashe, har ina jin muryarsa. Ban yi canke ko ɗaya ba. Na siffanta sabon mai sauraro a bakin magudanar, na ɗora shi a wayata, na yi bisimilla na tura. Na gwada da gurbin gwaji, saƙo ya fita. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da na riƙe tun jiya, na ce shi ke nan, na tsare ƙofar. Hankalina sam bai kai kan cewa da lambata saƙon zai fita ba.

Ranar sadakar uku da hantsi, ana rabon waina da gumba, wayata ta yi ƙara. Gurbin taubashiyata ne. A da: "ana jiran haihuwa". Yanzu: "ana neman jini". Ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, an ɗauke ta zuwa asibiti. Ina kallo saƙo ya fita zuwa ga 'yan tsirarun da jininsu ya dace da nata, duk suna ƙauyuka, don tun ranar jana'iza suka koma gonakinsu. Na zuba wa wayar ido ina jiran "na taho". Shiru. Ta maimaita. Shiru.

Na fara kiransu da bakina. Na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya ɗauka ya ji muryar da bai sani ba ya kashe. Na uku wani manomin gyada ne a Tudun Kaya, wanda Kawu yake yawan yabo.

"Salamu alaikum, don Allah daga gidan Malam mai tes nake kira, 'yarsa ce take..."

"Ke! Ki ji tsoron Allah. Shekaranjiya da hannuna na zuba masa ƙasa. Ko sadakar uku ba ku bari an tashi ba kun fara cin abinci da sunansa? Ya gaya mana irinku."

Ya kashe. Na sake kira, ya rufe wayar gaba ɗaya. Mijin taubashiyata ya kira ni yana haki, ya ce an gwada shi da ƙannensa ba wanda ya dace, ya ce ta daina amsa sunanta. Na tsaya a tsakar gida cikin mata, waina a gabansu, na rasa wanda zan kama. Wallahi a lokacin nan haushin Kawu na ji. Ya koya wa mutane kada su yarda da kowa sai shi, sannan ya tafi ya bar ni da su.

Sai na ji wata 'yar ƙara daga wajen zaure, siririya, irin ta ƙananan wayoyi. Ta yi shiru, can ta sake. Wayarsa mai tocila ce, tana aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, masu kulle ɗaki ba su gan ta ba, ga shi irinsu ba sa saurin cin caji. Gurbinsa yana nan yadda ya bar shi, don haka duk maimaicin da wayata take yi yana shiga ɗakin nan.

Na zari hijabin Umma na fita. A gidanmu mace ba ta ratsa zauren maza ranar sadaka, ban taɓa gani ba, ban kuma taɓa ji ba. Zauren cike yake, liman na tsakiya, Kawu Babba na zaune a jikin ƙofar da ya kulle, kuma na ga alama ya daɗe yana jin ƙarar, don kansa a karkace yake wajenta. Duka suka juyo suna kallona. Na zube a gabansa. Duk bayanin da na tanada ya gudu. Wayar ta sake ƙara a bayan ƙofa.

Na ce, "Kawu, wannan kukan da kuke ji, 'yarku ce. Jini take zubarwa yadda uwarta ta yi. Masu jinin ba za su tashi ba sai sun ga lambarsa."

Wani daga gefe ya ce, "Subhanallahi, a mayar da ita ciki mana." Kawu Babba ya ɗaga masa hannu. Shi ya yi wa uwarta sallar jana'iza a wancan karon, daga baya Umma ta gaya min. Ya dubi tabarma, ni kuwa ina jin kowane numfashi nawa kamar sata nake yi daga nata. Sannan ya juya wajen liman.

"Malam, ku shaida. Ni na ce ba a buɗewa, ni kuma na buɗe, ba yarinyar nan ba. In akwai alhakin marayu, a wuyana."

Ya zaro mabuɗin daga aljihu, liman ya karɓa ya buɗe. Ɗakin na ƙanshinsa, ɓawon gyada na nan a faranti. Na jona tsohuwar wayar, ta ƙi tashi, batirin ya mutu murus. Na tsuguna a gabanta ina roƙonta da baki, ina cewa don Allah, don Annabi, dattawa na tsaye a kaina. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, na dai san na karanta duk abin da na haddace. Da fasasshen gilashin ya kawo haske, ban taɓa komai ba. Ta koma bakin magudana da kanta, ta tarar da kukan taubashiyata yana nan yana jira, don bai kwana ba. Ta ɗauka ta aika.

Amsa ta farko ta shigo kafin in miƙe. "Na taho." Ta biyu ta biyo ta.

A asibiti na same shi, manomin nan na Tudun Kaya, kwance a kan benci da allura a hannu, taɓo har gwiwa, hawaye na gangara masa cikin kunne. Da ya ji muryata ya gane ni. Ya ce, "Hajiya, ke ce ɗazu? Ki yafe ni don Allah. Na kunna wayar in kira ɗan'uwana in ba shi labarinki, sai ga lambar Malam. Na san ya rasu, ni na binne shi. Amma kafin in yi tunani na ga ni a kan babur."

Ta rayu. Ba a banza ba, don sai da likitoci suka cire mata mahaifa, ɗan da ta haifa shi ne autanta, kuma har yau in ta miƙe da sauri jiri na ɗibarta. Nakan zauna in yi lissafin abin da zai faru da an jona wayar tun ranar farko, sai in yi istigfari in tashi. Kawu Babba ma na san yana wannan lissafin, don ya rame, kuma duk ranar kasuwa sai ya je Zoza ya zauna a ƙofar gidanta. Da ta farfaɗo aka ba ta labari, ta juyo da kai da ƙyar ta ce min, "Ashe ke kika fara aikawa. Shi ya sa ba wanda ya zo." Sannan ta dubi ƙofa ta ce, "Baba bai iso ba?" Sai da ta faɗa ta tuna.

Da masu rabo suka zo, magada suka bar tsohuwar wayar da lambarta sadaka, tana nan a kan tagarta. Ƙaramar kuwa Kawu Babba ya roƙa aka bar masa, yana yi mata caji da kansa, tana aljihunsa. Duk matar da ta shiga hatsari tsakanin Karaye da Rogo, sai ta yi ƙara a ƙirjinsa, ko a masallaci ne. Ni kuma na kasa taɓa gurbin Kawu. Na buɗe shi ya fi a ƙirga, in ga an rubuta "yana nan, a shirye", in rufe.

Bayan arba'in Kawu Babba ya kira ni zaure. Ya fito da 'yar wayar ya ajiye a tabarma tsakaninmu ya ce, "'Yar nan, wanda ya rasu ba a kiransa aiki. Ki sallame shi."

Na san abin da zai biyo baya, don na taɓa biya wa marigayi Kawu sashen da bakina yana jingine da bango. Ya rubuta cewa in gurbin mai bayarwa ya tashi daga "yana nan" ya koma "ya rasu", a daina kiransa, a kuma sanar da sauran. Na yi bisimilla na sauya. Magudana ta ɗauki tsohon da sabon ta gangara da su, tsohuwar wayar ta yi haske a kan taga, saƙon ya fita daga lambarsa, da kalmomin da ya tsara wa wasu: "Salamu alaikum. Ɗan'uwanku na Karaye ya rasu. Duk sanda aka kira shi ya amsa. Ku sa shi a addu'a, kuma kada ku kashe wayoyinku."

Wayata ta yi ƙara. Ta wani maƙwabci da ke wucewa a waje ta yi ƙara. Amin ta fara shigowa daga Falgore, daga Zoza, daga Tudun Kaya. Ni da Kawu Babba muka zuba wa 'yar ƙaramar da ke kan tabarma ido, muna jira, ba ta yi ƙara ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa in an kira shi a can ya amsa da sauƙi. Mu kuma Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari a kunne.